Sharhi: Ina ruwan kwatarmu yake zuwa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya san Wudil, Haɗeja, Nguru ko Gashuwa ya san ruwa ne ya kafa su. Sai dai ruwan da ake sha, ake ban-ruwa da shi, ake kamun kifi a cikinsa, shi ne kuma yake karɓar duk abin da garin ya zubar. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi kwata, ya faɗa lambatu, ya gangara kududdufi. Jinin mahauta da kashin dabbobi su bi bayansa. Damina na sauka, kududdufi ya cika ya tumbatsa, komai ya nufi kogi. Daga sama kuma, kogin Challawa ya riga ya ɗauko ruwan masana'antun jima na Kano kafin ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja.

Da an tada maganar, amsar hukuma ɗaya ce: injin tace ruwa tsada ne da shi, ga matsalar lantarki. Gaskiya ne. To amma wa ya ce dole sai inji?

A arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ƙaramin gari, Arkata, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Da aka matsa musu su shiga wani babban shiri mai tsada na tace ruwan ƙazanta, suka ƙi, suka yi amfani da tafkunan da suke da su tun da, suka gina fadama da hannunsu, aikin ya kammala a 1986. Ruwan gari yana shiga tafki, dauɗa mai nauyi ta kwanta a ƙasa, rana da ƙananan halittu su ci sauran, sannan ya ratsa cikin ciyayin ruwa a hankali, a kashe ragowar ƙwayoyin cuta kafin ya fita teku. Yau wurin ya zama matattarar tsuntsaye, mutane har yawon shan iska suke zuwa.

Cikin ciyayin da ke wannan aiki akwai dangin kachala. I, kachalar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ta cinye gonaki, ta hana jirgin masunta wucewa, ta zama mafakar jan-baki. Abin da ya ba ta gindin zama shi ne sauyin tafiyar ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, amma ruwa mai ɗauke da ƙazanta da takin zamani ƙara mata ƙarfi yake yi. A Arkata an yi mata iyaka an ba ta aiki. A nan an sake ta.

Kuma irin wannan tafki ya fi yin aiki a ƙasa mai zafi, domin zafin rana ne ke hanzarta shi. Rana kuwa muna da ita har ta yi yawa.

Ba za a ce babu wahala ba. Ana buƙatar fili nesa da gidaje, ana buƙatar shinge saboda yara, da masu yashe laka da yanke ciyawa a kan lokaci, in ba haka ba sauro ne zai gaji wurin. Kuma tafki ba zai iya da sinadarin masana'antun jima ba, wannan sai an tace shi tun daga bakin masana'anta. Abin da ya rage wa ƙananan hukumomi shi ne su ware filin yanzu, tun kafin a yanka shi fuloti-fuloti a sayar.