Shugaban da Mummunan Labari Ba Ya Isa Gare Shi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka ajiye ayyukanku kuka zo. An ce in yi magana a kan shugabanci a ma'aikatun zamani, inda aiki ya koma kan kwamfuta da intanet. Maganar tana da faɗi, lokacin kuma kaɗan ne, don haka abu ɗaya zan kama: yadda labari, musamman mummuna, yake tasowa daga ƙasa ya isa teburin shugaba.

A da, maigida a rumfar kafinta ko a maƙera ya fi kowa iya aikin, shi ya koyar da yaran. Yau manajan banki mai furfura yana da ma'aikaci sa'an ɗansa da ke kula da manhajar da kuɗin jama'a ke bi ta cikinta. Idan ta tsaya, manajan bai ma san inda zai taɓa ba. Sanin aiki yana hannun na ƙasa, ikon yanke shawara yana hannun na sama. Abin da ya haɗa su kawai shi ne magana, magana kuwa tsoro yana kashe ta.

Wa ya taɓa riƙe Nokia 3310 ko mai tocila a nan? Kun gani, kusan kowa. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Nokia ce ta cika hannuwanmu. A 2007, cikin wayoyi goma da ake sayarwa a duniya kusan huɗu nata ne. A shekarar Apple ya fito da iPhone. Zuwa 2014 Nokia ta riga ta sayar wa Microsoft sashenta na waya. Mutane sukan ɗauka ƙwararru ne ba ta da su. Tana da su, har da na sayarwa. Wasu malamai biyu, Timo Vuori na Jami'ar Aalto a Finland da Quy Huy na makarantar koyon kasuwanci ta INSEAD, sun tattauna da mutum 76, manajoji da injiniyoyin Nokia da wasu masana na waje, suka wallafa bincikensu a 2016. Abin da suka gano shi ne, manyan shugabanni suna tsoron abokan gasa da masu hannun jari, sai suka matsa wa manajojin tsakiya lamba da faɗa da barazana. Su kuma na tsakiyar suna tsoron manya. Sun san Symbian, manhajar da wayoyin Nokia ke aiki da ita, ba za ta iya karawa da sabbin wayoyi ba, sun san ranakun da ake yankawa na gama aiki ba za su yiwu ba, amma da an shiga taro sai a kai rahoto mai daɗin ji. Wanda ya yi alƙawarin da ba zai cika ba shi ake yabo, wanda ya faɗi gaskiya a ɗauke shi rago.

Ga kuma kishiyar wannan. A 2006 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya ɗauko Alan Mulally daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ba shi shugabanci. A shekarar Ford ya yi asarar sama da dala biliyan 12. Mulally ya kafa zama duk Alhamis, kowane shugaban sashe ya nuna ayyukansa da launi: kore idan lafiya, rawaya idan akwai 'yar damuwa, ja idan abu ya lalace. Mako bayan mako, allon kore shar. Kamfani yana ci da wuta, amma kowa lafiya! Har ranar da Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya sa ja a kan sabuwar mota samfurin Edge, saboda matsala a ƙofar bayanta, ya ce ya dakatar da fitar da ita. Ɗaki ya yi tsit, ana jiran a ga yadda za a yi da shi. Sai Mulally ya fara tafi, ya tambayi wa zai iya taimaka masa. Nan take abokan aikinsa suka fara kawo shawara. Ba a jima ba allon ya cika da ja da rawaya. Fields ɗin nan shi ya gaji Mulally a 2014.

Ni a ganina tafin nan ya fi takardar umarni ɗari aiki. Kowane shugaba yana cewa ƙofarsa a buɗe take. Ma'aikata ba sa kallon ƙofa, fuskarka suke kallo ranar da wani ya kawo abin da ba ka so ji ba.

To, mu nan gida muna da ƙarin nauyi. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da girmama na gaba, kuma ba na so mu yar da su. Sai dai ka tambayi yaronka, "Ina aka kwana a aikin nan?" ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ana kai, in sha Allahu zuwa Litinin." Shi ya san ko wata guda bai isa ba. Ba maƙaryaci ba ne, nauyinka yake ji. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa, amma kai babba kai ne za ka sauƙaƙa masa fitar da maganar. Daina tambayar "Komai lafiya?", don amsarta ɗaya ce tun kaka da kakanni. Ce masa, "Wane ɓangare ne kake jin zai ba mu matsala?" A taro kuma ka riƙe ra'ayinka sai ƙarshe, ka fara da mafi ƙanƙanta. Da zarar ka furta naka, sauran sai "haka ne, yallaɓai".

Don Allah kuma a daina yi wa ma'aikaci faɗa a zauren WhatsApp na ofis. Ka kunyata mutum ɗaya a gaban mutum arba'in, ka rufe bakin arba'in ɗin.

Idan na'ura ta daina aiki ko bayanai sun ɓace, kamfanoni irin su Google suna rubuta rahoton abin da ya faru ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba: me ya faru, da ƙarfe nawa, wace kafa ce a tsarin ta bari kuskuren mutum ɗaya ya kai ga haka. Wannan bai shafi ha'inci ba. Wanda ya yi sata ko ya sayar da bayanan abokan ciniki, hukunci ne nasa.

Wani zai ce ai yanzu ba ya buƙatar kowa ya gaya masa komai, alƙaluma suna zuwa masa kai tsaye a allon kwamfuta. Mutane ne ke cika alƙaluman nan, kuma sun san wanne kake so ka gani. Bankin Wells Fargo na Amurka ya ɗora wa ma'aikatansa adadin asusun da dole su buɗe, sai suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa ya kori ma'aikata kusan 5,300 a kan lamarin. Duk tsawon shekarun nan alƙaluman sayarwa suna hawa, manya suna murna.

Na ga mai gabatarwa yana duba agogo. Bari mu shiga tambayoyi, kuma ina roƙon a fara miƙa abin magana ga matasan da ke can baya, kafin shugabannin da ke sahun gaba.