Wasan Gada: yadda muke teyatur a Njamena

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, yanzu na sauka daga kilando, wato abin da mu a Damagaram muke ce wa kabu-kabu, 'yan Kano kuma su ce acaɓa. Gidan da muke gwajin wasa zan kai ku yau, don da yawanku kun tambaye ni yadda Bahaushen Nijar ya zama mai wasan kwaikwayo a Chadi.

Ba wasa ne ya kawo ni ba. A 2011 na zo, in tsare wa kawuna shagon yadi a babbar kasuwa. Amma teyatur, wato wasan kwaikwayo, a gidanmu na tarar da shi. Mahaifina ɗan Samariya ne, wato ƙungiyar matasan Nijar, tun zamanin shugaba Seyni Kountché, lokacin da kowace unguwa take da 'yan wasanta, ana gasa tsakanin jihohi a bikin matasa na ƙasa. Mu kuma muna yara, azumi na kwana 10 sai mu shafa toka, mu liƙa gemun auduga, mu bi gida-gida muna tashe. A nan na fara gane cewa idan ka canja tafiya ka canja murya, ko yayarka sai ta ɗan tsaya kafin ta shaida ka.

To ga gidan. Ku ga tsakar gida, ga darbejiya, ga tabarmi biyu, shi ke nan dandamalinmu. Wani dattijo ne ya ba mu aron wurin tsakanin la'asar da magariba, sharaɗinsa ɗaya: ana kiran salla mu tsaya. Mu tara ne. Akwai tela, akwai malamar lakwal, akwai mai gyaran waya, akwai ɗalibai biyu. Babu wanda wasan yake ciyar da gidansa a cikinmu. Ni ne marubuci, ni ne mai ba da umarni, ni kuma nake fitowa a matsayin uba ko mai unguwa, don a ƙaramar ƙungiya irin tamu babu wanda zai ɗauki aiki ɗaya ya tsaya a kansa. Wuyar abin ita ce, kana cikin fitowa kana magana, idonka ɗaya yana kan yaron da ya juya wa 'yan kallo baya.

Babbar damuwata a garin nan harshe ne. Faransanci da Larabci su ne na hukuma, Larabcin Chadi kuma shi ne na kasuwa da titi. Idan ka je Cibiyar Faransa ko gidan al'adu na Baba Mustafa, yawancin wasannin da za ka gani da Faransanci ne. Shi Baba Mustafa da aka sa wa gidan sunansa, an haife shi a 1952, ya rasu a 1982 yana ɗan shekara 30 kacal, amma ya bar wasannin da suka fito fili suka soki mulkin kama-karya, har yau 'yan teyatur na ƙasar nan suna ambatonsa da girmamawa. Ni ma ina girmama shi ƙwarai. Sai dai Inna mai ƙosai ta bakin layinmu ba za ta shiga wannan zaure ba, ko ta shiga ba za ta ji abin da ake faɗa ba. Shi ya sa nake rubutu da Hausa, in bar ɗan kasuwa ya yi Larabcinsa, ma'aikacin ofis ya yi Faransancinsa, kamar dai yadda ake yi a kowace rumfa a nan.

Kuɗi kuwa, daga wasan wayar da kai suke shigowa. Ƙungiyoyi su kira mu, su ce a yi kan kwalara, ko rigakafin shan inna, ko sa yara mata makaranta. Akwai salon da ya samo asali daga Augusto Boal na Barazil, a tsayar da wasa a tsakiya a ce wa 'yan kallo wani ya shigo ya nuna yadda zai warware matsalar. Yana aiki, na gani da idona. Kowannenmu yakan samu jaka biyar, wani lokacin goma, mu cire na hayar lasifika da man janareta. Abin da yake ci mini rai shi ne a miƙo maka takarda an riga an rubuta maka ƙarshen labari. Mutane ba yara ba ne, tun fitowa ta farko sun san inda ka dosa.

Bari in zauna in ba ku labarin wasan da muke gwadawa yanzu, mu muna ce masa wasan gada.

A farkon Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shigo Njamena, aka yi ta ɓarin wuta a cikin gari, dubban mutane suka tsallaka gadar Ngeli zuwa Kusseri ta Kamaru. Ni ban ga wannan rana ba, a bakin mutane na ji ta. Sai na rubuta labarin maƙwabta biyu: ɗaya ya gudu da iyalinsa ya bar wa ɗayan mabuɗin gida amana, bayan ƙura ta lafa ya dawo ya tarar da abin da ya tarar. Na yi wata uku ina rubutu da dare. Fitowar kan gada ita na fi ƙawatawa, na cika ta da kuka da kururuwa, na ba uwar gidan doguwar magana mai ratsa zuciya.

Muka nuna shi karon farko a wani fili cikin unguwa. Ana tsakiyar fitowar nan sai wata tsohuwa ta miƙe daga kan tabarma. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, ba haka aka yi ba.” Wuri ya yi tsit. Na durƙusa na ce, “Inna, yaya aka yi?” Ta ce babu mai bakin yin dogon zance a gadar nan. Kowa sunan ɗansa yake kira, ya ƙirga kawuna, ya sake ƙirgawa. Ta ce ita tukunyar tuwo ta ɗauko da zafinta, ba ta san tana kanta ba sai da ta kai ƙetare.

Wallahi a daren nan ban yi barci ba. Na soke shafi huɗu. Washegari na koma gidanta da goro, na zauna a bakin ƙofa ta yi ta ba ni labari har azahar. Yanzu a fitowar gada babu jimla ko ɗaya, sai sunayen yara da ake kira, da mace ɗauke da tukunya tana ƙirga 'ya'yanta da yatsa. Da muka sake nunawa, na hango wani magidanci a baya ya rufe fuska da rawaninsa. Tun daga lokacin ba na ɗaukar wasa ya kammala sai ya fita gaban waɗanda abin ya faru da su. A takarda ina tsara kashi da fitowa, in rubuta abin da dole a faɗa, sauran in bar wa bakin 'yan wasa da kunnen jama'a.

Malamar da take fitowa a uwar gidan ma, sai da na je gidansu sau uku kafin mahaifinta ya amince. Ya ce shi bai yarda 'yarsa ta tsaya gaban maza tana wasa ba. Na ce, “Baba, ka zo ka gani da idonka, in akwai abin da bai dace ba, ni da kaina zan cire ta.” Ya zo, ya zauna har aka tashi. Ga kujerarsa can gindin darbejiya, yanzu kusan kowane gwaji yana nan.

Ga shi sun fara haɗuwa, tela ya kawo buhun kayan wasa, ana jiƙa ƙasa saboda ƙura. Ranar Asabar bayan la'asar za mu nuna wasan a filin unguwa, shiga kyauta ne, wanda yake Njamena ko Kusseri ya zo da tabarmarsa. Bari in ba yaron nan wayar ya riƙe, ku kalli yadda muke gwada fitowar tukunya.