Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, a Madadin Ƙananan Hukumomi Biyar na Masarautar Daura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Mai girma Gwamnan Jihar Katsina, babban baƙonmu na yau, Mai Martaba Sarkin Daura, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, 'yan majalisar Sarki da hakimai, kwamishinoni da 'yan majalisar dokoki da suka rako mai girma Gwamna, shugabannin ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure tare da kansilolinsu, limamai da alarammomi, dagatai, masu unguwanni da arɗaɗɗa, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya, barka da sauka a Daura ta Abdu tushen Hausa. Daga ɗakin kara ka taso, gida ka baro kuma gida ka iso, saboda haka ba za mu cika ka da baƙunta ba. Shimfiɗar fuska dai ka gan ta tun daga bakin gari. Mun san ƙananan hukumomi 34 ne a wuyanka, kowace tana miƙo hannu. Da ka ware yinin nan domin biyar daga cikinsu, mun gode, Allah ya saka da alheri.

Shugabannin nan biyar ne suka ɗora mini wannan jawabi, ina jin furfura suka duba. Na fara aikin ƙaramar hukuma ina riƙe wa safiyo sanda, na yi ritaya a sashen ayyuka. In harshena ya yi tuntuɓe a yau, a ɗora wa tsufa, kada a kama su da laifina.

Duk wanda ya zo Daura sai an kai shi Kusugu, kai ma za mu kai ka in an tashi daga nan, ko da ka sha zuwa. Labarin kowa ya san shi, amma ina roƙon a sake saurarensa da kunnen taron yau. Baƙo ya shigo gari da dare ba shi da masauki, tsohuwa Ayana ta ba shi wurin kwana. Ya nemi ruwa ta ce babu, macijin da ke rijiya ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Bayajidda ya karɓi guga ya fita, ya yi abin da ya yi. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta sa aka yi shela cewa wanda ya kashe macijin za a ba shi rabin gari. Makwanci, ruwa, ƙasa: abubuwan da suka tara mu a nan su ne a bakin ƙofar tarihinmu. Macijin ya daɗe da mutuwa, amma har gobe akwai unguwannin da famfonsu ke bin tsarinsa. Shi ma ya fi famfon cika alkawari, domin an san ranarsa.

To bari in fara da ruwan. Madatsar Sabke tana ƙasar Mai'adua, bututunta kuwa Daura ya nufo. Daberam tana tsakaninmu da Dutsi, wadda ba ma a masarautar nan take ba. Kai ma a can haka abin yake, Ajiwa tana Batagarawa, masu sha suna cikin birnin Katsina. Mai ruwa daban, mai sha daban. Idan manomin da ke saman madatsa ya sare itatuwan bakin rafi ya yi huɗa har gaɓa, damina za ta kwashi yashi ta zuba a ciki, madatsa ta riƙa cikewa a hankali. Wadda za ta ji a jikinta ita ce matar da ke tsakiyar gari tana leƙen kurar ɗan ga-ruwa, tana lissafin jarka nawa kuɗin cefane zai iya saya. Shugaban ƙaramar hukumar da matar take ba shi da iko da manomin, shi kuma wanda manomin ke ƙasarsa kukan matar ba ya isa ofishinsa. Sai fa in su biyun suna zama a tabarma ɗaya.

Manyan madatsu da wuraren tace ruwa na jiha ne da tarayya, wannan mun sani. Namu kason shi ne rijiyar burtsatse, famfon tuƙa-tuƙa, rijiyar kankare da tankin sola. A nan zan faɗi laifinmu da bakina. Haƙa rijiya yana da biki, a kira maroƙa, a yanka zare, a ɗauki hoto. Gyara ba shi da biki, shi ya sa ba shi da mai so. Ina cikin aiki aka taɓa haƙa wata burtsatse a wani ƙauye da ke kan iyakar ƙananan hukumomi biyu. Rijiyar tana ƙasar wannan, yawancin masu ɗiba mutanen waccan ne. Wata roba ta cinye a cikin famfon, abin da kuɗinsa bai kai na buhun gero ba. Muka ce masu sha su gyara, suka ce mai ƙasa ya gyara. Takarda ta tafi, takarda ta dawo, rani guda ya wuce mata da yara suna komawa tsohon kududdufi tare da shanu. Ranar da aka je gyaran, makanike bai yi awa biyu ba. Ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardun nan, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya.

Abin da shugabannin nan suka yi shawara a kai ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Rajista ɗaya ta duk rijiyoyin da ke ƙasar Daura, da mai aiki da matacciya. Ayarin makanikai ɗaya da ma'ajin kayan gyara ɗaya, ba ruwansu da iyaka. Injin haƙa ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma guda, amma bai fi ƙarfin biyar ba. Akwai kuma maganar da ba a son yi: yau duk mai hali sai ya huda burtsatse a tsakar gidansa, alhali ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa tulu ɗaya ne. Mai dogon bututu yana zuƙa, rijiyar maƙwabcinsa talaka tana ƙafewa. Idan ƙaramar hukuma ɗaya ta sa ƙa'ida sauran ba su sa ba, aikin banza ne.

Ranka ya daɗe, maganar ƙasa kuwa kai ne uban tafiya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa amanar ƙasar jiha a hannun Gwamna. Inda aka ayyana a matsayin birni yana hannunka kai tsaye. Sauran karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya haura haka sai da yardarka. A shekarar da aka yi dokar, yaro ma zai nuna maka inda Daura ta ƙare da inda gona ta fara. Yau kuwa ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura ya nufi Katsina da Jibiya. Allah ya jiƙan ɗanmu, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda a zamaninsa waɗannan suka zo. Alheri ne babba, amma ya zo da jama'a, jama'a kuma suna neman inda za su kafa tubali. Gari ya miƙe ta hanyar Kano, ta hanyar Katsina, ta hanyar Zango da ta Kwangwalam, bai tsaya tambayar inda allon iyaka yake ba.

Sai dillalai suka riga hukuma isa. Gonar da aka gada kaka da kakanni, ranar Asabar ana kaɗa igiya, ranar Lahadi ta zama fulotai. Ba a bar hanyar da mota biyu za su gifta ba, ba filin makaranta, ba makabarta, ba lambatu. Kududdufan da iyayenmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, waɗanda nan ne masaukin ruwan sama, ana cike su da shara ana sayarwa. Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. Wata ƙaramar hukuma za ta sa hannu a yi gini a kan magudana, damina ta zo ta rushe ɗakunan mutanen da ke ƙasan ta, waɗanda ba su san an yi ba. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ta fita daga zukatan mutanen jihar nan ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Allah kada ya maimaita mana.

Burtali ma haka. Garken da ya tsallako daga Nijar ta Baure ko Mai'adua yana ratsa ƙasar hakimi fiye da ɗaya kafin ya kai mashaya. In wannan ya tsare burtalinsa, na gaba ya bari gona ta cinye nasa, ina saniya za ta bi? Sai cikin gero. Abin da irin wannan ya taimaka wajen haifarwa a yammacin jihar nan ba sai na faɗa maka ba, kai ke kwana da shi kana tashi da shi. Allah ya rufa mana asiri a nan, muna so mu shafa wa gemunmu ruwa tun da sauran lokaci. Roƙonmu shi ne ka ba mu aron safiyoyin jiha da masu tsara birane, a zauna da hakimai da dagatai da arɗaɗɗa, a fitar da taswira ɗaya ta ƙasar Daura wadda za ta nuna gona, burtali, makiyaya, hanyar ruwa da inda gari zai faɗaɗa. A kuma sake duba iyakar abin da doka ta kira birni, domin a san takardar wa ke aiki a ina.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe. Da can Bahaushe bai san mutumin da ya rasa wurin kwana ba. Kowane gida da zaurensa, baƙo ya yi sallama a shimfiɗa masa, a kawo masa tuwo, ba a tambayarsa daga ina sai ya ƙoshi. Ginin zamani ya zo da get, zaure ya tafi. Wanda ke son ganin abin da ya biyo baya ya fita da ƙarfe biyu na dare cikin hunturu, ya zaga tasha, rumfunan kasuwa, barandar shaguna da kangaye. Zai ga almajiran da tsangaya ta yi wa kaɗan, sun cure wuri ɗaya cikin buhu. Zai ga mai taɓin hankali da danginsa suka gaji. Zai ga bazawarar da ɗakinta ya faɗi da damina ba ta da mai tayar mata, da ɗan ci-ranin da ya zo kasuwar Mai'adua guzuri ya ƙare, da iyalin da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a layi ɗaya ya haɗa makabartu da gidajen gajiyayyu. Mun riƙe rabin layin. Muna da inda za mu kwantar da mutum in ya mutu, amma ba mu da inda za mu kwantar da shi yana da rai. Na kuma ga abin da ya fi wannan muni a zamanin aikina: in babban baƙo zai zo, a kwashe mabarata da marasa lafiya a mota, a sauke su a garin gaba. Su ma can in nasu baƙon zai zo su dawo mana da su. Ina mai tabbatar maka yau ba a kwashe kowa ba, mun ce a bar gari yadda yake ka gani.

Ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta iya riƙe gidan gajiyayyu da ma'aikacin jinya da abinci ba, amma biyar za su iya riƙe guda ɗaya mai kyau, da ƙananan masaukai kusa da manyan kasuwanni. Filin kuwa sai an ware shi a taswirar da na ambata, in ba haka ba dillali zai riga mu. Muna fatan hukumar zakka da waƙafi ta jiha za ta shigo, haka ma hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta wadda tarayya ta kafa a 2023. Alarammominmu suna nan zaune, sun ce a fara musu da ruwa da makewayi da rufin kwana, sauran magana za ta zo da sauƙi.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan su riƙa isa hannunsu kai tsaye. Ma'aikatan ƙananan hukumomi sun yi murna, ni ma na yi. Tsorona ɗaya ne, kada cin gashin kai ya zama kowa ya ja tabarmarsa gefe. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, ƙasar Daura baitulmali ɗaya gare ta. An rarraba ta ne domin hukuma ta matso kusa da talaka, kuma ta matso, amma rafi da burtali da mai kwana a tasha ba a rarraba su ba. Shugabannin nan biyar sun yarda su riƙa zama bi da bi, yau a Zango, gobe a Sandamu, kowa ya zuba wani abu a asusun haɗin gwiwa, Mai Martaba yana sa ido a matsayinsa na uba. Abin da muke nema daga gare ka shi ne ka ba tsarin gindin zama a doka, ka kuma sa wakilinka a ciki. Na yi aiki da shugabanni da yawa, na ga yadda sabo ke shigowa ya tura fayil ɗin tsoho ƙarƙashin tebur. Ba ma son wannan ya bi su in wa'adinsu ya cika.

Ranka ya daɗe, na tsawaita, ga shi ko ruwa ba mu ba ka ba. In an tashi daga nan za mu bi ta Kusugu, daga can mu wuce Sabke, da la'asar kuma shugabannin za su miƙa maka takardar yarjejeniyarsu a gaban Mai Martaba. Iyayenmu mata sun ce in gaya maka furarsu tana jira, kuma ba za su karɓi uzuri ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba jiharmu lafiya da damina mai albarka, ya ja zamanin Sarki, ya mai da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum warahmatullah.