Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Kalmar Taswira Ta Samo Asali?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan mako duk a kan abu guda suka taru, don haka sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko daga wani malamin makaranta take, mai koyar da labarin ƙasa. Ga abin da ya rubuto: "Ɗalibaina sun tsare ni da tambaya, wai taswira Hausa ce ta asali ko aro ce? Ni kuma ina so in ji dalilin da ya sa Bature yake cewa map, Bafaranshe ya ce carte, Balarabe kuma ya ce kharita. Akwai dangantaka a tsakaninsu?"

To Malam, Allah ya ƙara basira, kai da ɗaliban naka. Taswira aro ce, daga Larabci ta shigo. Asalinta taswir, wato fito da siffar abu ta hanyar zane, kuma tushenta ɗaya da sura, irin wadda muke nufi idan muka ce wane yana da kyan sura. Kada ɗalibai su haɗa ta da surar Alƙur'ani, don waccan da harafin sin ake rubuta ta, wannan kuwa da sad.

Idan ka je wa Balaraben yau da kalmar taswir, ɗaukar hoto zai ɗauka kake nufi. Amma magabatansa masana labarin ƙasa da wannan tushe suka yi aiki. Wajen shekara ta 833, a Bagadaza, Alkhawarizmi ya rubuta littafin da ya kira Surat al-Ard, ma'ana surar ƙasa, inda ya jera wuraren da birane da duwatsu da koguna suke. A ƙarni na 10 Ibn Hauƙal ya sake sa wa nasa littafin wannan suna, ya kuma cika shi da zane-zanen yankuna. Saboda haka Bahaushe da ya ce taswira bai yi ɓatan kai ba. Yana kan tsohon layin malaman da suka ɗauki zanen ƙasa a matsayin hotonta.

Map ta Ingilishi kuwa, za ku yi mamaki, ƙyalle ce. A Latin, harshen Rumawa, mappa shi ne ƙyallen da ake goge hannu da baki da shi wajen cin abinci. Da irinsa ne kuma babban jami'i yake ba da alamar fara tseren keken dawaki: ya saki ƙyallen ya faɗi, dawaki su zabura. Wani malamin balaga na Rum mai suna Kwintiliyan, wanda ya rayu a ƙarni na 1, ya rubuta cewa mutanen Kartaj, a Tunisiya ta yau, suna cewa kalmar tasu ce. Daga baya malaman coci a Turai suka riƙa kiran zanen duniya mappa mundi, wato ƙyallen duniya. Har yanzu akwai ɗaya a majami'ar Hereford da ke Ingila, wanda aka yi wajen shekara ta 1300. A kan fatar maraƙi guda aka zana shi, birnin Ƙudus a tsakiya, gabas kuma a sama maimakon arewa. Da tafiya ta yi tafiya sai aka yar da mundi, aka bar mappa ita kaɗai. Ita ce ta zama map a Ingilishi a ƙarni na 16, ita ce kuma mapa a harsunan Sifaniya da Fotugal da Folan. A Ibrananci ma, zuwa yau, kalma ɗaya ce, mapa, take nufin taswira da kuma ƙyallen shimfiɗa a kan tebur.

Sai carte, wadda ita ce ta fi su yawan dangi. Girkawa suna kiran fallen rubutun da Misirawa suke yi da wata ciyawar bakin kogin Nilu khartes. Rumawa suka karɓa suka ce charta. Daga nan ta bazu: Faransa carte, Jamus Karte, Rasha karta, Holan kaart, har Habasha ma karta suke cewa da Amharik. Ingilishi bai bar ta ba, sai dai ya keɓe ta ga taswirar matuƙa jirgin ruwa, wadda yake kira chart. Sanannen kundin nan na shekara ta 1215 da ya rage wa Sarkin Ingila iko, Magna Carta, babbar takarda kawai sunan yake nufi.

Larabci ya taɓa karɓar wannan kalma tun da daɗewa a siffar ƙirɗas, wato abin rubutu, tana kuma cikin Suratul An'am, aya ta 7. Ita kuwa kharita, a tsofaffin ƙamusoshin Larabci jakar fata ce. Daga baya ne ta ɗauki ma'anar taswira, kuma masana harshe da dama suna danganta wannan sabuwar ma'ana da waccan kalma ta Girkawa. Turkawa suna cewa harita, Somaliyawa khariidad.

Ga kuma wadda za ka kai wa ɗalibanka tsaraba, Malam. Wannan kalma ta Girkawa, khartes, ta shigo Hausa har ta ƙofa fiye da ɗaya, amma ko sau ɗaya ba ta shigo da ma'anar taswira ba. Takarda da ka rubuto mana wasiƙa a kai, ta bakin Abzinawa muka same ta, su kuma asalin tasu charta ce ta Rumawa, wadda ta ratso hamada. Karta da ake bugawa, da kati, da katan, duk 'ya'yan gida ɗaya ne. Kenan carte da kharita 'yan uwa ne, map daban take, taswira ma daban. Abin da ya haɗa map da carte shi ne dukansu sunan abin da ake zanen a kai ne, ƙyalle da takarda, ba sunan zanen ba.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wata ɗaliba mai karatun harsuna. Ta ce: "Kullum misalan Turai ake kawo mana. Su mutanen Asiya da sauran Afirka fa?"

Gaskiyarki, Malama, kuma a can ne ma za ki ga abokan tafiyar Hausa. Sinawa suna cewa ditu, kalmomi biyu ne a haɗe, ƙasa da zane. Da waɗannan haruffa biyu Japanawa suke rubuta tasu su karanta chizu, mutanen Koriya kuma jido. A Farisanci naƙshe, a Urdu da Hindi naƙsha, daga naƙsh ta Larabci, wato zane ko sassaƙa. Ko a tsakiyar Turai akwai waɗanda suka bi wannan hanya: mutanen Hangari sun ƙera tasu a ƙarni na 19, terkep, hoton sarari.

Amma mutanen Indunusiya da Maleshiya suna cewa peta, daga pata ta harshen Sanskrit na tsohuwar Indiya, kuma ma'anarta ƙyalle. Ba su ari komai daga Rumawa ba, sai ga shi sun sauka inda Rumawa suka sauka, don a can ma a kan ƙyalle ake zane.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Sawahili. Suna da kalmar taswira kamar mu, amma a wajensu siffa ko hoto take nufi. Abin da muke kira taswira su ramani suke ce masa, kuma ana danganta ta da rahmani, littattafan jagorar da matuƙa jiragen ruwa na tekun Indiya suke tafiya da su, daga kalmar Farisanci mai nufin littafin hanya. Mutanen gaɓar teku ne, don haka ba ƙyallen suka duba ba, ba kuma kyan zanen ba, aikin da abin yake yi musu suka sa masa suna da shi.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce da ya ce ba ya barin labaran duniya su wuce shi. Tambayarsa: "Ina jin kuna cewa taswirar zaman lafiya. Shin zaman lafiya gari ne da za a zana shi? Sannan me ya sa ake ce wa littafin taswirori atlas?"

Baba, Allah ya ja kwana, ka kama mu da gaskiya. Wannan magana ta yaɗu ne a shekara ta 2003, lokacin da Amurka da Rasha da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da wani shiri na sasanta Isra'ila da Falasɗinawa mataki-mataki. A Ingilishi an kira shi da sunan taswirar da direba yake dubawa a kan hanya. Larabawa suka bi sawu suka ce kharitat al-tariƙ, Faransawa kuwa suka ce takardar tafiya a nasu harshen. Mu ma a ɗakunan labarai muka ɗauko taswira muka ɗora. A ganina jadawalin sulhu ko matakan sulhu ya fi sauka a kunnen mai saurare, amma kalma idan ta riga ta kama bakin 'yan jarida, da wuya a ƙwace ta.

Atlas kuwa sunan mutum ne a tatsuniyoyin Girkawa. Masanin taswira Gerardus Mercator, ɗan yankin Flanders a Beljiyam ta yau, shi ya sa wa tarin taswirorinsa wannan suna. Ya rasu a 1594, ɗansa ya fitar da littafin a 1595. Yawancin mutane suna ɗauka ƙaton nan yake nufi wanda aka yi wa hukuncin ɗaukar sama a kafaɗa. Shi Mercator kuwa a gabatarwarsa wani Atlas ya ambata, sarkin tsohuwar Mauretaniya a arewacin Afirka, wanda labari ya ce masanin taurari ne. Masu buga littattafai da suka biyo baya suka riƙe sunan, har ya zama na kowane littafin taswirori.

Nan za mu dakata saboda lokaci. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.