Hazo, hayaƙi da fukar yara a Maradi

Jama'a assalamu alaikum. Da an shiga watan Disamba a Maradi kowa ya san abin da ke tafe: rana ta yi fari fat, leɓe ya tsattsage, mai kabu-kabu ya naɗe fuska da rawani ya ci gaba da neman na abinci. Babba kan jure. Yaro mai ciwon fuka, wato asma, shi a ƙirjinsa hunturu ke sauka.

Kaso mai yawa na wannan hazo daga Bodele yake tasowa, wani kwari a arewacin Chadi inda tsohon babban tafki ya ƙafe, iskar arewa maso gabas ta kwaso shi har kanmu. Yashin da kake ji a haƙori hanci na tare shi. Mai ɓarnar ita ce ƙurar da ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5. Silin gashi ɗaya ya fi ta kauri kusan sau 30, shi ya sa take wucewa har can cikin huhu. Hanyoyin iskar mai fuka dama a kumbure suke, abu kaɗan ke tunzura su. Ƙura na shiga sai su tsuke, majina ta taru, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito. Yaro kuwa hanyoyinsa ƙanana ne, kuma ya fi babba saurin numfashi, ga shi wuni yake a waje yana guje-guje baki buɗe.

Binciken da aka yi a birane da yawa na duniya ya nuna cewa idan ƙura da hayaƙi suka ƙaru a iska, yaran da ake kwantarwa a asibiti saboda fuka suna ƙaruwa, a ranar ko bayan kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki. Wannan jinkirin ne ke ruɗar iyaye. Hazo ya sauka ran Litinin, gari ya washe ran Laraba, daren nan yaro ya kasa kwanciya, sai a ce ruwan sanyi ya sha ko iska ce ta taɓa shi.

Sanyi ma da nasa. Busasshiyar iska mai sanyi ita kaɗai tana iya tsuke ƙirji, kuma lokacin ne mura ke zagaya gidaje da makarantu, ga mura na cikin manyan abubuwan da ke tayar da fukar yara.

To amma ba duka laifin Sahara ba ne, kuma nan nake so mu tsaya. Da daddare a hunturu, iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, hayaƙi ya kasa tashi sama. Hayaƙin itace da kara na tuwon dare, bolar da aka cinna wa wuta har da leda a ciki, na babura da janareta, duk a unguwa suke kwana. Mu kuma don gudun sanyi sai mu rufe ƙofa da taga, mu shigo da kaskon gawayi, Hajiya ta zuba turaren wuta, a kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da shimfiɗar yara. A ganina iskar wannan ɗakin ta fi hazon waje haɗari ga mai fuka, domin a cikinta zai kwana har asuba, kuma fuka dama da dare ta fi tashi.

Kada a ɗauka maganar wasa ce. A Landan wata yarinya ƴar shekara 9, Ella Kissi-Debrah, ta rasu da fuka a 2013, kuma a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu asma sun kai miliyan 262 a 2019, kuma cikin cututtukan da ke daɗewa a jiki ita ta fi kama yara.

Ranar da hazo ya yi kauri, yaro ya rage wasan waje, a yayyafa ruwa kafin shara, girki a tsakar gida, gidan sauro ya maye gurbin na kunnawa. Haka ma lokacin guguwar da ke gaban ruwan farko a Mayu da Yuni. Maganin shaƙa na salbutamol, shuɗin nan da ake kira Ventoline, ya kasance a hannu tun kafin hunturu, a jakar makaranta ma. Wasu iyaye na tsoron wai yaro zai saba da shi. Ba ya sa jaraba. Idan fukar na yawan dawowa, a tambayi likita maganin kariya na kullum, a kuma nemi ya nuna yadda ake haɗa abin shaƙar da gorar roba don ƙaramin yaro ya zuƙa sosai.

Idan kuwa kika ga haƙarƙarin yaro na lotsawa, ya kasa ƙarasa magana ko shan nono, leɓensa ya canja launi, ko an ba shi maganin shaƙa bai lafa ba, kada a jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa a daren, a tafi da maganin a hannu.