Mai Ƙera Samfuri: Hannun da Ke Gaban Inji

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena maƙera da ke zaune a nan gaba, da ku ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Duk butar roba da bokiti da kujerar da ke fitowa daga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, kafin inji ya fara zubo su dubu-dubu, sai da wani ya zauna ya ƙera guda ɗaya tak, aka auna ta, aka gwada ta, sannan aka sassaƙa mazubin ƙarfe a kanta. Wannan mutum shi ne mai ƙera samfuri, kuma duk kuskuren da ya kuɓuce masa, inji zai yi ta maimaita shi har ranar da aka cire mazubin.

Ku je wurin masu zuba tukunyar alminiyam ku tsaya ku kalla. Sukan danna tsohuwar tukunya cikin yashi mai danshi, su dake shi, su zare ta a hankali, sannan su kwarara narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. To, alminiyam idan ya huce yana tsukewa da kusan kashi 1.3 cikin 100, wato tukunya mai faɗin baki milimita 300 za ta haifi wadda ta gaza ta da kusan milimita 4. A kwafi 'yar, a sake kwafar jikar, sai ga gibin ya haura santimita 1, murfi ya daina zama, mai saye kuma ya ce an yi masa ha'inci, alhali lissafi ne ba a yi ba. Ƙwararre yakan ƙara wannan tazara a jikin samfurin tun farko, ya kuma ɗan karkata gefensa da digiri 1 ko 2 don ya zaru ba tare da ya rusa yashin ba. Roba ma haka take, kowane iri da gwargwadon tsukewarsa.

Kayan aikin sun sauya. Tun da wani injiniya mai suna Chuck Hull ya yi rajistar fasaharsa a Amurka a 1986, injin da ke gina abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta yake ta yaɗuwa, har samfurin da kan ci makonni ya koma aikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai injin bai san inda hannun buta zai tsage ba idan an cika ta an ɗaga.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da yawa daga mazuban da masana'antunmu ke aiki da su daga Sin ake sayo su da kuɗin waje, a garin da ƙira ta daɗe da kafuwa. Roƙona ga Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano shi ne su riƙa tura ɗalibai su zauna da masu zubi, ɗalibi ya koyi halin yashi da wuta, maƙeri kuma ya koyi karanta zane da awon milimita.