Harafi ɗaya ne ya raba A da S: laccar gwajin jini kafin aure

Wannan lacca wani malamin bayoloji ne ya yi ta a taron ƙungiyar ɗalibai ta garinmu a ƙasar Bichi, na kwafo daga rikodin ɗin waya, addu'ar buɗe taro na tsallake.

Toh ranka ya daɗe Dagaci, iyayena, ƙannena ɗalibai, tun da gwamnan Kano ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024 kowa ya iya faɗin AA da AS da SS, amma ka tare mutum ka ce mene ne S ɗin sai ya ce ai ciwon jini ne, shikenan. Ni so nake mu bi abin tun daga tushe.

Jikin nan namu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kusan kowacce a cikinta akwai ɗan ɗaki da ake cewa nukiliyas, a nan DNA yake a nannaɗe, na ƙwaya ɗaya tak in aka warware shi zai kai kusan mita 2. Rubutu ne da haruffa 4 kacal, A, T, G, C, kwafi ɗaya ka gada wajen uba ɗaya wajen uwa. Amma fa DNA ba shi ke aikin ba, umarni kawai ya ɗauka. Masu aikin su ne furotin, irin su insulin mai daidaita suga, da himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini.

Kun san kundin malam ba ya fita daga zaure, almajiri ne zai shiga ya kwafi abin da ake buƙata a allo ya fito da shi, in an gama a wanke allon. Haka abin yake. Akwai wani furotin, RNA folimares, shi zai hau daidai farkon wurin da ake so, ya buɗe DNA ɗin, da yake igiyoyi biyu ne a murɗe da juna, ya bi ɗaya yana kwafa, in ya ga G ya sa C, in ya ga C ya sa G, T ya sa A, amma in ya ga A sai ya sa U don RNA ba shi da T. Abin da ya fito shi ne RNA ɗan aike, kafin ya fita ma sai an yanke wasu guntaye da ba a buƙata an haɗe sauran, sannan ya bi ta ƙofofin nukiliyas ya fito. Ba ya daɗewa ake rusa shi, shi ya sa in jiki na son ƙari sai an sake kwafa.

A waje raibozom, wato ɗan injin da ke haɗa furotin, zai kama shi yana karantawa uku-uku, kowane haruffa uku na nufin amino asid ɗaya, su ne tubalan da ake jerawa a yi furotin. Haruffa 4 in ka jera su uku-uku za ka samu 64, amino asid ɗin kuma 20 ne, kaga wasu suna da jeri fiye da ɗaya kenan. AUG na nufin fara, UAA da UAG da UGA na nufin tsaya. Akwai kuma RNA ɗan dako, kowanne da amino asid ɗinsa a ka, in haruffansa uku suka dace da na ɗan aike sai ya sauke kayansa a ɗaure da na baya, a haka har sarƙa ta cika ta naɗe kanta. A 1961 Nirenberg da Matthaei a Amurka suka fara karanta jeri na farko, sun haɗa RNA mai U zalla suka ga wani amino asid, fenilalanin, kawai yake bayarwa.

Yanzu ku natsu, nan ne wajen. Umarnin wani sashe na himogulobin yana kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin ƙullin DNA da ke cikin nukiliyas, sarƙar amino asid 146 ce. A gurbi na 6 mai A yana da GAG, mai S yana da GTG. Harafi ɗaya fa jama'a! Folimares ba ruwansa, abin da ya gani zai kwafa, kuma ɗaya igiyar da ke kishiyar wannan yake bi, sai ɗan aike ya fito da GUG, ɗan dako ya kawo balin maimakon gulutamik asid. Shi gulutamik yana shiri da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake, don haka da oksijin ya yi ƙasa sai himogulobin ɗin su dinga manne wa juna su yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, wannan azabar da kuke ji yaro yana kuka ƙashina ƙashina daga nan take. Vernon Ingram ya gano wannan musayar a Ingila a 1957.

Mai AS yana da kwafi biyun kuma duka ana karanta su, na A ya ishe shi, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da ya sa S ya yi yawa a ƙasarmu kenan. In AS ya auri AS, kowane ciki damar SS ɗaya ce cikin 4. Kowane ciki na ce, ba wai in kun haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba, wannan lissafin wallahi ya cuci gidaje da yawa.

Baba kana tambaya me ya sa jaririn yake fitowa lafiya sai daga baya. Madalla da wannan tambaya. A ciki wani umarnin daban ake kwafa, na himogulobin ɗin ɗan tayi, shi ba shi da wannan matsalar, bayan haihuwa sai ɓargo ya rage kwafarsa a hankali ya koma kan na manya, shi ya sa sai wajen wata 6 za ka ga hannu da ƙafa sun fara kumbura. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke bayarwa ma aikinsa kenan, yana sa jiki ya ƙara yin na tayin, amma dan Allah kar wani ya je kemis ya siyo da kansa, sai ana auna jini ake shan sa.